Kuɗin dako halal, diyya haram

Ranar Talata na je tashar bas karɓar saƙo, na dawo gida da jiƙaƙƙen kwali da wa'azin da ban roƙa ba.

Bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya wahala wajen tona ni: giya ce a cikin kwalin. Ni Kirista ne, haifaffen Maraɗi, kakannina Anna ne, masu addinin gargajiya, na wajen Tibiri, a kusa da tukunyar burkutu na yi wayo. Mu huɗu ne muke musayar abin da babu a garin juna, ɗaya a Yamai, ɗaya a Gaya, ɗaya a Damagaram, sai ni. Ba ciniki muke yi ba. Na Yamai kan samo mana Brakina ta Burkina. Ni kuma, da yake burkutu ba ya tafiya, kwana biyu ya yi tsami, in ka toshe jarka kuma ya kumbura ta, sai in aika musu busasshen tsiron jar dawa daga hannun wata tsohuwa da ta san aikinta, su ba masu dafa musu.

Wannan karon na Gaya ne ya samo La Béninoise, giyar ƙasar Benin, kwalba 6. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, sai a kwalekwale take tsallako kogin Kwara. Ya naɗe kowace kwalba da tsumma, ya faɗa wa 'yan tashar bas ta Gaya abin da ke ciki, suka caje shi jika 3 saboda wai kaya ne mai fashewa. Suka ba shi rasit.

Na iso ƙarfe 9. Ƙarfe 11 saura yaron da ke kan tebur ya ɗago kai daga wayarsa. Sa'an ɗana na biyu ne. Na miƙa rasit, ya shiga ciki, ya fito yana turo kwalin da ƙafa. Da ƙafa! Gindin kwalin ya jiƙe sharkaf, ana jin ƙarar fasassun kwalabe, ga shatin buhu a samansa, alamar tun daga Doso wani abu mai nauyi ke zaune a kai.

Na ce, "Ɗana, ya aka yi haka?"

Ya toshe hanci da yatsu biyu, ya juya wajen layi don kowa ya ji. "Baba, da furfurarka? Ai Allah ne ya taimake ka ta fashe."

Na ce na gode da addu'a, amma an biya kuɗin kaya mai fashewa, ga shi a rubuce.

"Mu ba mu biyan diyyar haram."

"To jika ukun da kuka karɓa a Gaya fa, ita da wane ruwa kuka wanke ta?"

Wata mata a layi ta yi dariya, sai ta kama bakinta. Shi ko ya ce in sa hannu in kwashe ƙazantata, na ɓata musu ofis da wari. Na ce a kira mini maigidansa. Ya fita. Yaushe zai dawo? Allah masani. Sai ga malam ya zaro tsumma yana goge hannun da bai ko taɓa kwalin da shi ba. Shehin malami ke nan, wanda bai ga haramcin bar wa dattijo tsayuwar awa biyu yana kallon bidiyo ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da ba giya ba ce ma ba za su biya ba. Bara man shanun ƙanwata ya tsiyaye a hanyar Madawa, suka ce zafin rana ne. Maganin maƙwabcina ya wuce Damagaram ya yi sati, suka ce ƙaddara. Ni dai sun samu hujja mai rawani ne kawai.

Kuma wa za ka kai wa ƙara? Gwamnatin da ke karɓar kuɗin duwan a kan kowane katon na giya, ta ba mashaya takardar izini ta amshi haraji, ita ce ba ta da ƙofa ɗaya da talaka zai ƙwanƙwasa in an fasa masa kaya. Shingaye kuwa daga Gaya zuwa nan ba su ƙirguwa, kowa a buɗe a duba, ba mai tambayar yadda aka loda. Mu kanmu mun iya fuska biyu. Tun da aka kafa shari'a a Katsina da Zamfara wajen shekarar 2000 muke ganin masu tsallakowa ta Ɗan Isa ran Asabar da yamma, kuma motocin da ke fakewa bayan mashaya da baƙin gilashi ba duka na Kiristoci ba ne. Waɗannan yaron tasha rusuna musu yake yi har ƙasa, ya ɗauki kwalinsu da hannu biyu ya kai but.

Kwalba biyu suka tsira. Na Damagaram yana jiran rabonsa, kuma motar da za ta kai masa ta wannan tashar ce, gaban wannan teburin.