Ɓatanci: dokar Denmak, dokar Kano, da bakin da tsoro ya ɗinke

'Yan'uwa a gida suna yawan cewa Turawa ba su da abin da suke girmamawa, kowa sai ya buɗe baki ya faɗi son ransa. Ni da nake zaune a Denmak na san ba haka abin yake ba. Kowace ƙasa tana da abin da ba a taɓawa, sai dai nasu daban da namu. A Jamus ko Faransa, ka fito ka musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, kotu za ta kira ka. Jamus har yau tana da sashe na 166 na dokar laifuka, mai hukunta zagin addini idan zai iya ta da hankalin jama'a, da ɗaurin da ya kai shekara 3. Faransar da ke kare Charlie Hebdo, jaridar barkwancin da ta buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), ita ce ta hana hijabi a makarantun gwamnati a 2004, ta bi da abaya a 2023.

Labarin Denmak ya fi ɗaure kai. A nan jaridar Jyllands-Posten ta buga zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) a 2005. A 2017 aka soke tsohuwar dokar saɓo. Da ƙona Alƙur'ani ya yawaita a nan da Suwidin a 2023, sai majalisa ta dawo a watan Disamba ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, hukuncin tara ko ɗauri har shekara 2. Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Amma gwamnati ta faɗi dalilinta a fili: tsaron ƙasa da huldarta da ƙasashen Musulmi. Kuma dokar ta tsaya ne kan aikin hannu kamar ƙonawa da yagawa, ta bar zane da rubutu da furuci yadda suke.

Mu kuwa dokarmu ta fi zafi nesa ba kusa ba. A 2020 kotun shari'a a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa kan ɓatanci, daga baya babbar kotu ta ce a sake shari'ar domin ba shi da lauya. Mubarak Bala, wanda ya bar addini, ya samu ɗaurin shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage. Abduljabbar Kabara, malami ɗan malami, shi ma hukuncin kisa a Disambar 2022. Ko ka yarda da waɗannan hukunce-hukunce ko ba ka yarda ba, akwai alƙali, akwai ɗaukaka ƙara. Abin da ke hana ni barci shi ne wanda ba ya kai wa gaban alƙali. A Mayun 2022 aka kashe ɗaliba Kirista Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, kan zargin ɓatanci. Shekara guda bayan haka aka kashe wani mahauci Musulmi a garin kan zargi iri ɗaya. Ihun mutum ɗaya ya isa.

Daga nan kame baki ke farawa. Ɗalibi yana da tambaya kan wani hadisi, sai ya haɗiye ta. Ɗan jarida ya ga labari ya kau da kai. A nan Turai ma akwai irinsa: tun da aka kashe malamin makaranta Samuel Paty a Faransa a 2020 bayan ya nuna zanen ɓatanci a aji, malamai da dama ke gudun batun a aji, mu Musulmi kuma muna tauna magana kafin mu ambaci Gaza a wurin aiki, kada a laƙaba mana tsattsauran ra'ayi. Sai dai ni abin da zan rasa aiki ne, ɗan'uwana a gida ransa ne a kan faifai.

Malamanmu sun san fiƙihu ya ɗora zartar da hukunci a wuyan hukuma, bayan shaidu da bincike. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan Deborah, sai matasa suka fito zanga-zanga suna neman a saki waɗanda aka kama, har aka sa dokar hana fita. Malamai da yawa sun ga haka suka yi gum, domin su ma suna tsoron a ce sun tsaya wa mai ɓatanci.