Bayan Allah ya isa, a rubuta wa banki takarda

Kawuna tsohon malamin firamare ne, shekara talatin da biyar yana shaƙar ƙurar alli. Fanshonsa idan ya shigo, kafin mako ya zagayo ya ƙare tsakanin mai shago da mai magani. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya miƙo mini ƴar wayarsa mai madannai, ya ce, "Ɗana, duba mini. Kuɗin nan kullum raguwa suke kamar ɓera ya samu rumbu." Na ce, "Kawu, ka taɓa zuwa ka tambaye su?" Ya yi dariya, ya ce kuɗin adaidaita zuwa banki da dawowa sun fi abin da ake cirewa. "Na bar su da Allah."

A kan wannan lissafi na Kawu bankuna suke cin kasuwarsu. Naira 50 ba ta kai mutum ya bar sana'arsa ya je ya bi layi ba, amma idan aka tara ta daga asusun miliyoyin mutane, ita ce biliyoyin da ake gani a rahoton ribar bankuna duk ƙarshen shekara. Wanda kuma ya fi jin zafin cirar, shi ne wanda ba shi da halin bin kadinta.

Sai dai kafin a ɗauki fushi a nufi banki, ya kamata a san cewa cirar iri biyu ce. Akwai wadda doka ta yarda da ita. Jadawalin caji na Babban Bankin Najeriya, CBN, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya ƙayyade naira 10 kan tura kuɗin da ba su wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, naira 50 kan abin da ya haura haka. Ya kuma sa kuɗin kula da katin ATM na asusun ajiya naira 50 duk wata uku. Saƙon alat ya tashi daga naira 4 zuwa 6 a 2025, kuma tun Maris ɗin shekarar, wanda ya ciri kuɗi a injin wani banki daban yana biyan naira 100 kan kowace 20,000, an soke sau ukun nan na kyauta da ake yi a wata. Ga naira 50 ta gwamnati a kan hada-hadar 10,000 zuwa sama, ga harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin kansa. Waɗannan, ko ka ɗaga murya har ta dushe, yarinyar da ke bayan kantar banki ba za ta iya dawo maka da su ba, domin ba ita ta ƙaƙaba su ba. Rigimarsu ta Abuja ce, kuma tana ciwuwa idan aka haɗa baki: harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan tura kuɗi da aka sanar a Mayun 2024, ƙorafin jama'a ne ya sa aka janye shi.

Ɗaya nau'in kuwa, wanda ya wuce ƙa'ida, haƙƙinka ne a dawo maka da shi. Ranar Litinin na raka Kawu muka nemi takardar shige da ficen kuɗinsa ta shekara guda. Muka zauna a kan benci a bakin bankin, shi da tabarau, ni da biro. Kuɗin kula da kati da ya kamata a cire sau huɗu a shekara, sau goma sha biyu aka cire. Sannan ga wata 10,000 da injin ATM ya yi gurnani bai fitar ba ana gobe Sallah, aka ce masa za ta dawo da kanta, shiru har wata bakwai, alhali ƙa'idar CBN ta ce cikin awa 48 idan injin wani banki ne. Jimilla naira 10,400. Ga mai albashi mai tsoka kuɗin mai ne na kwana ɗaya. Ga Kawu maganin hawan jini ne na wata.

Da muka koma ciki, ma'aikacin ya ce, "Baba, ka je gida, za a duba." A nan yawancin mutanenmu suke yin godiya su juya, kuma a nan maganar take mutuwa. Koken da aka yi da baki ba ya barin sawu. Muka rubuta takarda kwafi biyu, aka buga mana hatimi a ɗaya, na ce sai an ba mu lambar bibiyar koke. Dole ne banki ya bayar da ita, akwai tarar naira miliyan 1 a kan ƙin yin haka, da miliyan 2 a kan kowane cajin da ya saɓa jadawali. Idan banki bai warware ba cikin mako biyu, ko wata guda idan maganar cajin da ya wuce kima ce ko ta bashi, sai a kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN, a reshensa na jiha ko ta imel, kyauta. Kuma mutum yana da har shekara shida daga ranar da aka yi cirar.

Abin da nake ganin ya yi mana ƙaranci shi ne la'akari da halin da mutum yake ciki. A Birtaniya, lokacin da aka yi shari'ar cajin bankuna daga 2007, an dakatar da duba koke-koken jama'a har sai kotu ta yanke hukunci, amma aka ware waɗanda ke cikin matsin tattalin arziki aka ci gaba da sauraronsu. Kotun Ƙoli ta ba bankuna gaskiya a Nuwamban 2009, duk da haka wanda caji ke ƙara jefa shi cikin bashi yana iya neman sassauci, kuma akwai ofishin sasanci na kyauta da zai saurare shi. Mu a nan, ma'aikacin ƙaramar hukumar da ke bin albashin wata huɗu, ana ci gaba da yankar ɗan abin da ya rage a asusunsa daidai da ɗan kasuwar Kantin Kwari.

Za a ce bankuna ma suna sayen dizal, suna biyan ma'aikata, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa kowa zai ce shi talaka ne. Maganar dizal gaskiya ce. Ta biyun ce ban yarda da ita ba, domin babu wanda ya fi banki sanin aljihun mutum. Yana ganin watan da albashi bai shigo ba, yana ganin asusun da fansho kaɗai ke shiga. Kwamfutar da ba ta mantawa da cire naira 6 da tsakar dare, ba za ta gaza gane asusun da ya kamata a ɗaga wa ƙafa ba, ko dawo da cajin kuskure ba tare da an zo roƙo ba. Haka kuma banki da ke da reshe a Kano ko Sakkwato ko Gusau ba shi da uzurin ƙin karɓar koke da Hausa.

Kuɗin Kawu sun dawo a rana ta goma sha tara, babu kira, babu ban haƙuri, alat kawai ya shigo, shi ma an ciri naira 6 ɗinsa. Makon da ya biyo baya ya koma bankin da abokansa biyu ƴan fansho, kowanne riƙe da takarda kwafi biyu.