Yaro yana da likita, uwarsa fa?

Ku leƙa asibitin Komfo Anokye ranar da ake ganin yara masu sikila, ku dubi iyaye matan da ke kan benci. Wata ta taso daga Aboabo tun bayan Asuba, wata daga Asawase, katin inshora a hannu, goyo a baya, idanu sun yi zuru-zuru don rashin barci. A nan Kumasi aka fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, kuma a Gana kusan jarirai 2 cikin 100 da cutar ake haifarsu. Yaro yana da fayil da ranar komawa asibiti. Uwarsa kuwa, iyakar abin da muke ba ta shi ne "sannu da jinya" da "a ƙara haƙuri".

Haƙuri gaskiya ne, amma jiki yana da nasa lissafin. Wadda ke kwana cikin fargaba wata da watanni, jikinta ba ya daina sakin sinadaran tsoro, adrenalin da kotisol. Shi ke kawo faɗuwar gaba, ƙagewar wuya, saurin fushi da mantuwa, har ta rasa ko ta ba yaro penisilin na dare ko ba ta ba shi ba. Uwar mai farfaɗiya ko ciwon sukari ma haka take.

Shi ya sa nake ganin ya kamata a koya wa kowace mai jinya horon tattara hankali, kamar yadda ake koya mata auna zafin jiki. Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi don marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979: mako 8, minti 45 kullum. Matar da za ta dama koko ta fita sana'a ba ta da minti 45. Minti 5 kuwa tana da shi.

'Yar uwa, ga yadda ake yi. Ki zauna, ki kife waya, tafin hannu a kan ciki. Ki ja iska ta hanci kina ƙirga 4, ki sake ta a hankali kina ƙirga 6. Tsawaita fitar iskar ne ke rage gudun zuciya, don haka kada ki gajarta shi. Ki ƙirga numfashi goma a gaɓoɓin yatsu, kamar tasbihi, ki sake farawa. Kafin ki kai na uku hankali zai gudu wurin kuɗin magani ko sakamakon gwajin jini. A nan yawancin mata ke cewa "ni ban iya ba" su bari, alhali wannan gurbin ne ainihin aikin: ki lura ya gudu, ki ce a ranki "tsoro ne ya zo", ki dawo kan numfashi. Ko sau ashirin ne. A minti na ƙarshe ki bi muƙamuƙi, kafaɗu da tafin hannu, ki saki inda ya ɗaure.

Ki ɗaura shi a kan abin da ba kya fashinsa, misali bayan sallame Asuba kafin ki naɗe sallaya. Mai son haɗawa da zikiri ta haɗa.

Inda ake samun matsala: jan iska da ƙarfi da sauri yana kawo jiri da jin kamar ana soka allura a yatsu, sai a koma numfashi mai laushi. Yi a kwance ga wadda ta gaji barci ne kawai. Wata kuma da ta rufe ido sai hoton daren da yaro ya galabaita ya dawo mata; irin wannan ta buɗe ido, ta ambaci abu biyar da take gani a ɗakin, ta ji tafin ƙafarta a ƙasa. Babban kuskuren shi ne jira sai ciwo ya tashi. A ranakun lafiya ake sabawa, don ya yi amfani a daren wahala.

Kada a fahimce ni a baibai. Zazzaɓin da ya kai digiri 38.5 a ma'aunin zafin jiki ga mai sikila, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, kumburin ciki ta hagu, ko shanyewar ɓari ɗaya, asibiti ne nan take. Numfashin a yi shi cikin tasi. Uwar da ta yi mako biyu cikin baƙin ciki, abinci ya fita ranta, ko tana jin gara ta mutu, ta faɗa wa likitan yaron a tura ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ku kuma maigida, gwaggo da ƙannen uwa, minti 5 ba ya biyan bashin barci. A ware mata dare ɗaya a mako, wani ya karɓi yaron da takardar lokutan maganinsa, ta rufe ƙofa ta yi barci har a kira Asuba.