Ɗaliban Ƙira, Kama da Wane Ba Ta Wane

Assalamu alaikum ƙannena masu karatun ƙira da zanen kayayyaki. A baje kolin furojet na 'yan ajin ƙarshe da aka yi kwanan nan a wata makarantar fasaha, kusan kowane teburi an manna masa takarda mai cewa daga halittun Allah aka samo basirar aikin, kuma ba ya cutar da muhalli. Ga fitila mai siffar ganye, ga kujera mai ramuka irin na saƙar zuma, ga gini mai kama da suri. An sha fenti, an sha hoto. Amma da an tambayi mai aikin me wannan siffar take yi wa kayan, sai a fara sosa ƙeya. Nan ciwon yake: kuna kwaso siffar halitta daga intanet, ku bar aikin da siffar take yi.

Wanda ya fi ɓata rai shi ne tukunyar sanyaya kayan miya. Ɗalibi ya haɗa tukunya cikin tukunya, sannan ya bi ta wajen da koren fenti mai sheƙi don ta yi kyau a hoto. Haba! Da hannunsa ya kashe aikin. Wannan dabara, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, gumi take kwaikwaya. Tukwane biyu ne na yumɓu, ƙaramar a cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi mai kaurin kamar santimita 3, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ruwan yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin jikin tukunyar waje, iska ta busar da shi, kuma kowace lita da ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai kimanin kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Ka toshe ƙofofin da fenti, ka hana ta gumi. Ka zuba laka a madadin yashi, ruwa ba zai zagaya ba. Ka yi ta zuba ruwa mai kanwa, farin gishiri ya taru ya toshe jikin. Kuma tana da iyaka: a bazara, zafi na digiri 40 da laimar iska kashi 15 cikin ɗari, mafi ƙasan da lissafi ya yarda ta sauka wajen digiri 21 ne, ba ma za ta kai can ba. A watan Agusta kuwa, digiri 30 da laima kashi 80, ko digiri 3 ta rage an gode. Ba ɗaya daga cikin waɗannan a rahoton ɗalibin, ko ma'aunin zafi bai taɓa sakawa a cikin tukunyar ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ku dubi yadda masu abin suke yi. George de Mestral, injiniya ɗan Suwizalan, a 1941 ya ga 'ya'yan wata ciyawa sun maƙale a gashin karensa. Bai zana su a jikin riga don ado ba. Ya sa su a madubin ƙara girman abu, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne ke kama zare, ya shafe fiye da shekara goma yana gwada auduga da nailan kafin Velcro, wato maɗaurin nan na takalmi da jaka da ake mannawa a ɓantare, ya tsaya da ƙafarsa. Mu da ƙarangiya ke bin ƙafar wandonmu tun muna yara, wa ya taɓa tsayawa ya dube ta?

Kujerar saƙar zumar nan ma haka. Ƙarfin saƙar zuma yana fitowa ne idan ramukan suna tsaye, an manne su tsakanin faranti biyu, sama da ƙasa, nauyi ya bi tsawon bangon ramin. Shi ya sa ƙofar da aka cika cikinta da saƙar kwali ba ta da nauyi amma ba ta lanƙwasa. Shi kuwa ɗalibin namu ya ɗauki falankin filawud ya huhhuda masa ramuka masu kusurwa shida a daidai inda ƙafa ta haɗu da mazauni. Ya rage itace a wurin da nauyi ya fi taruwa, ya kira shi ƙarfi. An ɗora mata buhun siminti biyu, kilo 100, ta kwana da su? Ina! Kyan ɗan maciji ke nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Masu gini irin na suri kullum ginin Eastgate na Harare, babban birnin Zimbabwe, suke ambata, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996. Ba su lura cewa Harare tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500 ba, darenta da sanyi. Fankoki ne ke jawo iskar dare ta ratsa kankaren bene, kankaren ya riƙe sanyin zuwa rana. Kawo zanen nan Sakkwato a watan Afrilu, inda daren ma turiri yake, ka gaya mana wane sanyi za ka adana.

Sai maganar kare muhalli, wadda ta zama kwalliyar baki. A saƙa kaba ko a fafe duma, abin da ƙasa za ta cinye da kanta in ya tsufa, sai a kwarara masa ruwan ifoksi, wato ruwan roba mai daskarewa ya yi tauri da sheƙi. Shi ke nan, ba ya ruɓewa, ba a narka shi, ba a raba shi da kabar. Wasu kuma robar PLA ta firintar 3D, na'urar da ke ƙera kaya da narkakkiyar roba, suke taƙama da ita wai daga masara take. Gaskiya ne, amma ba ta ruɓewa a bola, sai a masana'antar takin da zafinta ya kai wajen digiri 58, kuma tun daga digiri 55 zuwa 60 take fara laushi. Bar ta a cikin mota a rufe da azahar ka ga ikon Allah.

Ba ma a zancen waɗanda ke kai wa mai walda ko kafinta kuɗi ya haɗa musu komai, su ko riƙe zarto ba su iya ba, rahoton kuma ChatGPT ya rubuta. Malaman da ke ba da maki a kan sheƙin fenti su ma da nasu kason laifin. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, ranar da aka ce maimaita aikin a gaban mutane za a ji kunya.

Ku ji tsoron Allah ku koma ku lura da abin da kuke kwaikwaya, ku yi tambaya, ku gwada. Abin takaici, masu amsar suna nan kusa da ku, kuna raina su don ba su da satifiket. Magina na da sun san azarar giginya gara ba ta cin ta. Sun san a jiƙa makubar ɗorawa a shafe bango ko a yi daɓe da ita ruwa ya kasa ratsawa. Sun haɗa laso, wato shafen da ke hana ruwa shiga soro, daga katsin marina, gashin jima da dafara, soro ya ci damina bayan damina. Yaron magini yakan yi shekaru yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya ɗaure baka ɗaya, kuma in rufin ya yi yoyo, gari duka ya san sunan wanda ya yi shi. Yau tsofaffin nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu sun koma acaba da sayar da data, ɗaliban da ya kamata su je su zauna a gabansu da littafi da ma'auni kuwa suna can suna neman kalar fentin da za ta fi fitowa a Instagram.