Sabuwar kungiya a gasar zari-ruga: kudi za a duba ko jama'a?

Rannan a teburin mai shayi a Fagge wani kanina ya miko min waya yace "Yaya kalli wannan", sai naga fili makil da mutane a Port Moresby, babban birnin Papua New Guinea, ana ta ihu saboda kwallon zari-ruga. Wallahi da ba'a fada min ba sai in rantse Kofar Mata ce ranar da Pillars take wasa a gida.

Maganar ita ce gasar NRL, wato babbar gasar zari-ruga ta Ostireliya, tana kara kungiyoyi, kuma duk lokacin da aka bude kofa sai masu nema su yi ca, kowa da takardunsa da alkawuransa. A 2021 uku ne suka fafata, Dolphins da Firehawks da Jets, aka bawa Dolphins, ta fara buga wasa a 2023. Ni dai a ganina anyi daidai, don kungiyar tana nan a Redcliffe, kusa da birnin Brisbane, tun 1947, tana da filinta da kudin kanta da yaran da take renowa, ba jiya aka hada ta a ofis ba.

Yanzu kuma Perth Bears zata shigo a 2027, ta Papua New Guinea a 2028. To anan ne hankalina ya rabu biyu. Ita Perth akwai kudi, amma mutanen garin kwallon AFL, wani wasa daban na 'yan Ostireliya, suka fi so, kuma an taba gwadawa, Western Reds ta shigo a 1995 zuwa karshen 1997 ta mutu murus, cikin abinda ya karya ta harda dora mata kudin jirgin kungiyoyin da suke zuwa wasa gidanta, ga garin a can karshen kasa. Duk wanda yasan yadda 'yan wasanmu suke kwana a mota daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal ya san hanya kadai ta isa ta cinye kungiya.

Ita kuwa Papua New Guinea jama'a ba'a magana, wasan a jininsu yake, kungiyarsu Hunters ma ta dauki kofin jihar Queensland ta Ostireliya a 2017. Abinda yake damuna shine dala miliyan 600 ta Ostireliya da gwamnatin firaministan Ostireliya Albanese tayi alkawari na shekara 10, don kowa ya san akwai siyasar takawa China birki a ciki, kuma mu nan mun san halin kungiyar da ta dogara da gwamnati, ana canjin mulki sai kaji albashi ya tsaya.

Duk da haka in ni ne akan kujerar, ta Papua New Guinea zan fara zaba kafin Perth. Sharadi daya zan kafa musu, tun yanzu su nuna a rubuce waye zai biya 'yan wasa da kudin jirgi a shekara ta 11.