Gem ɗin yanzu sun fi sauƙi, amma ba nan matsalar take ba

Jama'a wannan maganar da ake ta yawo da ita cewa gem ɗin da su ne gem, na yanzu duk an mayar da su na yara, na daɗe ina ganinta kuma gaskiya rabinta ne kawai na yarda da shi. Ni ma da na da ɗin na taso, har gobe ina son su.

Eh sun fi sauƙi, wannan ba musu. Wanda ya buga Contra na NES, tsohuwar na'urar gem ta kamfanin Nintendo, da ya fito 1988 ya san me nake nufi, rai uku za a ba ka, harsashi ɗaya ya shafe ka ka mutu, bindigar da ka sha wuya ka samo ita ma ta tafi. Super Mario Bros na 1985 ko sebin babu, wato ajiye inda ka tsaya, ka kashe na'ura shi ke nan gobe daga farko. Yanzu kuwa gem da kansa yake maka sebin duk bayan 'yan mintuna, ka mutu ya dawo da kai kusa da inda ka faɗi, wani ma in aka ji maka ciwo ɓuya kawai za ka yi bayan bango jininka ya dawo.

To amma mu tambayi kanmu me ya sa na da suke da wuya haka? Ba wai don masu yin su sun fi ƙaunar mu ba ne fa. Yawancin salon daga injinan arcade ya samo asali, inda kake jefa kwabo ka buga, kuma mai injin ba ya cin riba sai ka mutu da wuri ka sake jefawa ko ka tashi wani ya zauna. Da aka dawo na'urorin gida kuma kaset ɗin ba shi da wuri, Mario gaba ɗayansa kilobait 40 ne, hoto ɗaya a wayarka ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙware a Contra ko awa ɗaya ba ya yi ya cinye shi. To ya za a yi mutum ya sayi gem mai tsada ya gama a zama ɗaya? Sai a cika shi da wuya ya yi watanni yana maimaita wuri ɗaya. Wuyar nan da muke yabo, da yawanta dabarar ja wa gajeren gem tsawo ce.

Kuma masu kyan kawai muke tunawa. Tarkacen da aka yi a lokacin ba su ƙirguwa, E.T. na Atari da ya fito 1982 ya isa misali, kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe a 1983 har kamfanin ya binne kaset-kaset a New Mexico, sai 2014 aka tono su.

Sannan mai neman wuya a yau wallahi ba zai rasa ba. Dark Souls tun 2011, Cuphead 2017, Sekiro 2019, ga Elden Ring na 2022 da ya sayar da kwafi sama da miliyan 20 cikin shekara guda. Je ka tsaya gaban Malenia a Elden Ring, bos ɗin nan, wato babbar abokiyar gaba, da duk saran da ta kai maka jininta ƙaruwa yake ko da garkuwa ka tare, in ka fito ka zo mu yi maganar sauƙi. Kuma wuyar nan ta fi ta da adalci, don in ka mutu ka san kuskurenka, ba wai hannun gem ne ya ƙi ji ko abokin gaba ya faɗo daga inda ido ba ya gani ba. Balle onlayin, inda mutum ɗan'uwanka kake karawa da shi, babu kwamfutar 1990 da ta kai shi wayo.

Sauƙin ma akwai wanda alheri ne. Celeste na 2018 gem ne mai wuya sosai amma sun sa wurin da za ka rage gudunsa in kana buƙata, The Last of Us Part II na 2020 ya zo da saituna sama da 60 na masu lalura har makafi sun iya buga shi. Mai ciwon hannu, ko magidancin da ya dawo aiki a gajiye yana da minti talatin kacal, me ya rage ni da shi don ya zaɓi mai sauƙi? Nawa zaɓin mai wuyan yana nan ba wanda ya taɓa min.

Inda na yarda da masu ƙorafi shi ne yadda wasu manyan gem suka daina yarda da hankalinmu. Kibiya na nuna maka hanya, an shafa fenti rawaya a duk dutsen da za a iya hawa, ka shiga ɗaki mai wasa ƙwaƙwalwa ko gama dubawa ba ka yi ba abokin tafiyarka ya fara faɗa maka amsa. Wannan yana ƙona min rai sosai. Zelda na farko a 1986 a fili kawai ake ajiye ka ko takobi babu, ga bakin kogo can, kai za ka ga dama ka shiga. Daɗin gano abu da kanka ba shi da na biyu, kuma da wani Zelda mai suna Breath of the Wild ya dawo da hakan a 2017 duniya ta karɓe shi hannu biyu.

Amma ainihin ɓarnar a wurina ita ce wuyar da ake ƙirƙira don a sayar maka da sauƙinta. Duba Candy Crush Saga na 2012, rai biyar, in sun ƙare kowane ɗaya sai ka jira minti 30, ko ka roƙi abokai, ko ka biya. Ka kai lebul saura motsi ɗaya ka ci sai allo ya fito yana tallar ƙarin motsi, daidai lokacin da zuciyarka ta fi zafi. Wannan ai tsohon injin kwabo ne ya dawo cikin aljihunmu, kuma gara ma na da, don a can in ka iya da kwabo ɗaya za ka daɗe kana bugawa. Haka fakitin 'yan ƙwallo na Ultimate Team, sashen da kake haɗa tawagarka, da aka fara a gem ɗin ƙwallo na FIFA 09, ka sa kuɗin gaske ba ka san wa zai fito ba, sannan ka haɗu da wanda ya fi ka kashe kuɗi ya zo da tawagar da ba ƙwarewa ce ta ba shi ba. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, kuma ni ban ga ƙarya a ciki ba, musamman da yake yara ƙanana ne da yawa suke dannawa.

Shi ya sa in zan sauke sabon gem yanzu, ko in ƙanina ya ce in sa masa wani a waya, ba na fara tambayar yana da wuya ko sauƙi. Shagon cikinsa nake fara buɗewa. In kaya ne na ado kawai ake sayarwa ba damuwa, in kuwa na ga ana sayar da rai ko ƙarfi ko tsallake jira, a take nake goge shi.