Mai hawasha a gaban kamara

Ni dai ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Jiya da daddare aka turo min wani bidiyo, wai wasan barkwanci. Wani ya sha farar jallabiya da rawani ya kishingiɗe a inuwa yana kurɓar shayi, shi ne wai mai hawasha, wato mai rabon gona a noman Jazira na ƙasar Sudan, ga wani yaro an shafe masa fuska da baƙin tukunya an sa masa yagaggen wando, shi ne "Fallati", sunan da ake kiran mu 'yan asalin Afirka ta Yamma da shi, ɗan ƙwadago daga kambo, wato zangon bukkokin ma'aikatan gona, yana ta kwaɓa Larabci yana mai da namiji mace ana ƙyaƙyata dariya. A ƙarshe mai gona ya ce masa in ladan bai yi masa ba ya koma ƙasarsu. Yaron ban ga laifinsa ba, kuɗin karin kumallo aka ba shi. Mai jallabiyar nake kallo. Mai hawasha a gaban kamara, ɗan kambo a bayanta.

Allah sarki duniya. Kakar wani da tawa layi ɗaya suke bi a gonar auduga, guffa, wato kwando, a gaba goyo a baya, tun sanyin asuba har rana ta take, yatsu duk sun tsattsage. Ruwan tur'a ɗaya, wato magudanar ban-ruwa, muka sha, tsargiya tare ta kama mu, ban manta ranar da wani ya ga jini a fitsarinsa ya rugo yana kuka wai zai mutu ba, ni na goya shi har gida. Yau shi ne mai koya wa duniya yadda ɗan kambo yake magana. Tab.

Wai ya koma ƙasarsu. Wace ƙasar? Kakanninmu wasu hanyar hajji ta kawo su tun da daɗewa, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar, tun ba a gina madatsar ruwan Sinnar ba, ita sai 1925 aka gama ta. Da Turawan Ingila suka buɗe noman Jazira aka raba hawasha, yawancin namu hannunsu kawai ake so, su yi shuka su yi cira su tsinci audugar da ake lodawa zuwa masaƙun Ingila, su kwana a bukkoki a gefen gona. Shekara ɗari kenan kambo na nan, yawanci ba takardar fili ba wuta ba asibiti, a haifi mutum a nan a binne kakansa a nan amma in ya je neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, a ce ya kawo shaida. Wannan duk ba ya shiga bidiyo, sai baƙin tukunya.

Kuma wallahi lokacin ma da aka zaɓa ne ya fi ƙona min rai. An manta 2022 a Damazin da Rusairis, da aka kashe mutane kan maganar ƙasa da sarauta? An manta abin da ya faɗa wa kanabi, wato kambo-kambon nan, a farkon 2025 bayan soja sun koma garin Madani? Da wannan kalmar ta "ba 'yan ƙasa ba ne" ake fara komai, kai kuma ka ɗauke ta ka sa mata kiɗa don mabiya su ƙaru. Kai! Kai da ko taki ɗaya ba ka da shi a Jazira, jallabiyar ma na san mai ita.

Na san za a ce hassada ce. A ce mana. Eh nima a jami'a na taɓa yin shiru da aka tambayi ƙabilata, ban musa ba, tsoro ne kuma har yau ina jin kunyar abin, amma ban taɓa shafa wa ɗan wani baƙi a fuska na karɓi kuɗi ba.

Mai hawasha a gaban kamara, ɗan kambo a bayanta. In an ga dama a goge, na riga na sauke a wayata, kuma jibi in Allah ya kai mu zan shiga Gadarif gaishe da Inna, ita da ba ta da Facebook sai na kunna mata ta ga ɗanta ya zama mai gona.